Komai Nisan Jifa

Sunan jirgin Komai Nisan Jifa.
Hammayo ya rubuta da shuɗin fenti,
ya bar ƙarashen ga mai karantawa.

Ran Laraba muka yi lodi a Dadin Kowa:
gishiri buhu tara, siminti sha ɗaya,
kananzir, ashana, kwanon rufi bandir biyu,
da kwalin maganin zazzaɓi
da malamar asibiti ta ɗora min a cinya,
ta ce, "Yaro, kada ya ga ruwa."

Tungaye uku ke jiranmu a tsakiyar tafki,
ba mota, ba babur, ba jaki.
In ba mu je ba, miya lami za a yi ta dafawa.

Ni ne mai kwarfa da ƙoƙo.
Hammayo na baya, hannu a kan inji.
Bazara ce, ruwa ya janye ƙafa,
amma wa zai nuna masa hanya,
shi da ya shekara ashirin yana ratsawa?

Sai muka ji gurrr daga ƙasa,
kamar an ja turmi a kan daɓe.
Inji ya yi tari biyu, ya yi shiru.
Jirgi ya karkata hagu ya zauna
zaman tsohuwar da ta dawo daga nisa,
ko kusa ba ta da niyyar motsawa.

Na dira, ruwa iya ƙirji.
Na laluba da ƙafa: ba yashi ba ne.
Wani abu ne zagaye, ɗaurin siminti,
gefensa duk zanen da igiya ta ci.
Hammayo ya sauko, ya nutsa, ya daɗe.
Da ya ɗago bai dubi ɓular jirginsa ba.
Ya ce, "Rijiyar unguwarmu ce.
Nan inna ke sa ni jan guga."
Garin da dam ya haɗiye tun ba a haife ni ba,
shi ya miƙo hannu ya riƙe mu don gaisawa.

Kafin la'asar Agbu ya iso da masunta,
kwale-kwale sha uku, kowa da gorarsa.
Na farko na ba shi kwalin, a bushe,
tun hantsi yana kaina, wuyana ya sage.
Aka shiga sauke kaya hannu da hannu.
Gishiri buhu uku ya koma buhu kawai,
siminti huɗu ya sha, ya fara daskarewa.

Kwana biyu muka yi a wurin.
Duro takwas fanko muka ɗaure a haƙarƙarinsa,
muka cusa tsumma, muka narka kwalta,
muka yanki fallen kwano guda daga kayan Adda Dudu,
muka buga da ƙusa a hasken tocila,
sauro na cin rabonsa, ba mai korewa.

Asubar Juma'a mutum talatin a igiya.
Agbu ya ba da baki, aka ja, ta tsinke.
Aka ƙulla, aka ja.
A na huɗu jirgi ya yi nishi, ya zame,
ya yi lilo kaɗan kamar mai jin kunya,
sai ga shi bisa ruwa yana shawagi.
Ba wanda ya yi guɗa. Dariya ce ta gajiya,
tafin hannun kowa yana ƙonewa.

Buhunan da suka zama dutse
Hammayo ya jera su a bakin rijiyar,
ya kafa gora, ya ɗaura jan ƙyalle.
Har yau in mun zo daidai nan
yakan rage wuta, leɓensa na motsi.
Ban taɓa tambayar me yake cewa.

Adda Dudu ta ƙirga kwanonta sau biyu,
ta dubi facin jirgi, ta dube mu.
Ta ce, "Wato ɗakina ya yi yoyo
don naku ya daina. To, na ji.
Damina in ta zo, kai da ƙoƙon nan naka,
gidana za ka zo kwarfewa."